Kiran Ayashe a Marmaron Rumawa

A zamanin da raƙumi kaɗai ya san hanyar Tarabulus, akwai wani kufai can ƙarshen hamada da fatake ke kira Marmaron Rumawa. Rumawan da suka gina shi sun shuɗe tun tale-tale, birninsu rairayi ya cinye, amma ginin marmaron na nan tsaye, bene bisa bene, da ginshiƙan farin dutse da kawunan zakoki masu wangamemmen baki. Ko ɗigon ruwa babu a cikinsa. Duk da haka, wanda ƙishirwa ta kama kusa da wurin yakan ji ƙarar zubar ruwa, in kuwa ya bi ƙarar, sai dai a kai wa danginsa takalmansa.

Wata shekara aka kawo irin waɗannan takalma Kazaure. Na wani saurayi ne baduku da ya bi ayarin fatake, ana ce da shi Ɗangoggo. Laƙabi ne, don shi ɗan fari ne, tun da aka yaye shi goggonsa ta ɗauke shi. Uwarsa, Ayashe, mai kaɗin zare ce. Mijinta ya rasu, duk abin da ta haifa bayan yaron nan kuma ya koma. Kun san yadda ake yi da ɗan fari, ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi a gaban mutane. To, ita Ayashe ta ɗauki abin ta kai shi inda ko kakanninta ba su kai ba. In ya shigo gaishe ta, bango take kallo ta amsa. In za ta ba shi tuwo, a ƙofar ɗaki take ajiyewa ta ce, "A gaya wa wancan ga abinci." Shi kuma Yaya yake ce mata, kamar wadda suka fito ciki ɗaya. Tun ranar da liman ya raɗa masa suna, sunan bai taɓa hawa harshenta ba. Tunda wadda ta haife shi ta riƙe, ni ma zan riƙe sai lokacin faɗarsa ya yi.

Madugu Nomau ne ya kawo takalman da kansa. Ya tsuguna a zaure, matan gida suka taru a bayan asabari.

"Goggo, Ayashe, sai haƙuri," in ji shi. "Ruwanmu ya ƙare bayan mun bar Gadamus. Da azahar muka ji ƙarar ruwa daga kufan nan, na hana kowa motsi. Yaron nan ya tashi ya tuɓe takalmansa ya miƙo mini. Na ce, 'Kai, wanda ya shiga can ba ya fitowa, ka tuna da na gida.' Sai ya yi murmushi ya ce, 'Madugu, Goggo ta tsufa, ga 'ya'yanta cike da gida. Ni wa zai neme ni?' Rabona da shi ke nan."

Goggo ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Ayashe ko gezau. Ta koma ƙofar ɗakinta ta ci gaba da murza mazari, zaren na tsinkewa tana ƙullawa. Mata suka yi ta cewa, "Kai, Ayashe akwai kara!" Ba su san maganar nan ta "wa zai neme ni" ta shige ta kamar ƙaya ba. Gari na wayewa ta ƙulle takalman a gefen zane, ta ɗauki mazarinta da gora da ɗan garin gero, ta bi ayarin masu gishiri ba ta yi sallama da kowa ba.

A Agadas babu madugun da ya yarda ya tafi da ita. Wannan ya ce mace ba muharrami, wancan ya ce mai neman Marmaron Rumawa ba abokin tafiya ba ne. Ta cika gorarta ta sa arewa a gaba, ita kaɗai. Ta yi ta tafiya har itatuwa suka ƙare, ciyawa ta ƙare, daga baya ko ƙuda ya daina binta. A gida takan yi ƙorafin surutun mata. A nan da za ta samu ko kukan jaki ne, da ta gode Allah.

Ran nan da hantsi ta hangi tuddan rairayi suna tafiya. Ba iska ke tura su ba, a jere suke, manya gaba ƙanana baya, a bayansu kuma ga wani aljani dogo kamar giginya, ya saɓa sanda a wuya irin na makiyaya. Ayashe ta nemi tsari daga Allah, ta duba wurin ɓuya, ina! Da ta ga babu, sai ta durƙusa ta yi abin da ta iya.

"Salamu alaikum, Baba. Barka da kiwo. Ina gajiya? Yaya iyali?"

Aljanin ya tsaya cak, tuddan ma suka tsaya. Ya sunkuyo har rawaninsa ya tare mata rana.

"Ya ke bil'adama, tun da aka ba ni kiwon nan, duk wanda ya gan ni ko ya gudu ko ya suma. Ba wanda ya taɓa tambayata gajiya. Gajiya akwai ta. Iyali kuwa ga su nan kina gani, ba sa magana. Ina kika nufa?"

"Marmaron Rumawa, ranka ya daɗe."

"Neman wa?"

Ta sunkuyar da kai. "Wani yaro ne na gidanmu."

"Yaron ba shi da suna?"

"Yana da shi."

Aljanin ya jira, ya ƙara jira. Da ya ga ba ƙari sai ya tuntsire da dariya har rairayi na zubowa daga gemunsa.

"Kin ƙetare rabin duniya da ƙafa, kalma ɗaya ta fi ƙarfinki! Ku dai mutane Allah ya yi ku da ban mamaki. To, ga bukatata. Ina da wani ɗan tudu mai ƙiriniya, kullum sai ya ɓalle ya je ya binne wa bayin Allah rijiya. Duk igiyar da na ɗaure shi da ita sai ta zame. Ki yi mini wadda za ta riƙe shi, ni kuma in rage miki hanya."

Ayashe ta ce ba ta da auduga. Ya fizgo gashin gemunsa cike da hannu ya zube mata. Ta zauna cikin ranar nan ta kaɗa, ta tufka, yatsunta na jini, don gashin aljani ba wasa ba ne. Da aka zarga wa ɗan tudun igiyar, ya yi fizge-fizgensa ya gaji ya kwanta. Aljanin ya yi murna, ya ɗora ta bisa wani tsohon tudu mai faɗin baya.

"Wannan zai kai ki bakin Kasuwar Kawalwalniya, iyakar kiwona ke nan. A can duk abin da ranki ke so za a kawo miki har gabanki. Kada ki karɓi komai." Sannan ya ƙara a hankali, "In Allah ya dawo da ke ta nan, ki sake tambayata gajiya."

Tudun ya zabura da ita, ƙasa na naɗewa a ƙarƙashinsa kamar tabarma. Kafin rana ta karkata ya sauke ta ya juya.

Kasuwa ce sosai, rumfa bayan rumfa, ga randuna sun yi raɓa don sanyi, ga kankana an fasa, ga kindirmo cikin ƙorai. 'Yan kasuwar fararen kaya gare su da fara'a, sai dai ko ɗaya ba shi da inuwa. Kowa ya san sunanta. "Ayashe, zo ki jiƙa maƙoshi!" "Ayashe, taɓa wannan, kyauta ne!" Harshenta ya bushe kamar ƙirgi, amma ta ja mayafi ta dubi ƙasa ta wuce. Wannan bai yi mata wuya ba, ta shekara da shekaru tana koyon kau da kai daga abin da take so.

Ta kusa fita ke nan sai ta ji an taho a guje. Ɗanta ne, da rigarsa ta saƙi da jakar basillarsa. Ya kama hannunta da hannu biyu ya dubi tsakiyar idonta.

"Inna! Inna, ashe za ki zo? Zo mu je ki sha ruwa, ga shi can kusa."

Ba zan ɓoye muku ba, ta bi shi. Hannun da ɗumi, ita kuwa rabonta da taɓa hannun nan tun yana rarrafe. Ta san akwai abin da bai yi daidai ba, amma ta bari ya ja ta, don daɗin da take ji bai misaltuwa. Sai da ya sake cewa Inna, sannan ta ja ta tsaya.

"Kai ba shi ba ne," in ji ta. "Nawa bai taɓa ce mini Inna ba. Ban ba shi fuskar da zai faɗa ba."

Hannun ya zama rairayi ya tsiyaye ta tsakanin yatsunta. Rumfuna da randuna suka ɓace, ta ga kanta tsaye a gaɓar wani rami da ba a hango ƙasansa, taku kaɗan ya rage. Nan ta zauna ta yi kukan da ba ta yi a Kazaure ba. Ta yi shi son ranta, don babu wanda zai gani balle ya ce ta yi rashin kunya.

Da ta share ido ta hangi wata doguwar gada ta dutse, ƙafafunta a lanƙwashe baka bayan baka, ta taso daga duwatsun yamma ta miƙe har inda ido ya gaza. Ba don ƙafar mutum aka yi ta ba. Kwata ce a samanta, ta nan Rumawa ke jawo ruwa zuwa birninsu, a tsakiya kuma ta karye ta zube. Ayashe ta bi inuwarta. Gadar ta kai ta cikin kufai, kan wata hanya da aka daɓe da duwatsu, ga gidaje ba rufi dama da hagu. Ko ƙadangare babu. Takun ƙafarta kaɗai take ji, yana zuwa bango yana dawo mata.

A ƙarshen hanyar ta tarar da kan zaki na dutse ya faɗo daga gini, rabinsa cikin rairayi. Za ta wuce sai ya yi magana, muryarsa kamar ana niƙa.

"Ya ke mai tafiya, dakata. Shekaru aru-aru ruwa na bi ta bakina, na shayar da sarakuna da bayi da jakuna, ban taɓa haɗiyar ɗigo ba. Yau maƙogwarona cike yake da rairayi. Duk mai zuwa nan karɓa ke kawo shi. Ke ko za ki bayar?"

Ta girgiza gorarta. Abin da ya rage bai fi kurɓi ba, ga hanyar komawa ba ta san tsawonta ba.

"A gidanmu ba a hana mai ƙishi ruwa," in ji ta. "Ban dai taɓa ba dutse ba, amma bismilla."

Ta tone masa rairayin da yatsa ta juye gorar tas. Zakin ya yi ajiyar zuciya.

"Ashe haka yake. Allah ya saka miki. Saurara: Uwar Marmaro za ta tarbe ki da ruwa, kamar yadda ake yi wa baƙo. Wanda ya sha ya zama dutse, wanda ya ƙi kuma ya wulaƙanta ta, ba zai fita da rai ba. Yadda za ki yi, ke kika sani. Ni iyakar sanina ke nan."

Ayashe ta shiga. Ginin ya lanƙwaso kamar rabin ƙwarya, tsayinsa ya fi na kuka, a gabansa ga wani ƙaton kwarmi na farin dutse inda ruwa ke taruwa a da, ya tsattsage ya cika da rairayi. A jikin bangon, sama da ƙasa, an yi alkukai manya-manya da mutum zai tsaya ciki. Waɗansu akwai siffofin Rumawa, wannan ba kai, wancan ba hannu. Sauran kuwa mutanen hanya ne: Buzu da amawalinsa, Balarabe riƙe da akala, wani tsoho ya miƙa ƙoƙo. Duk sun zama farin dutse. A alkuki na ƙasa, can gefe, ta ga saurayi ba takalmi, kansa a sunkuye kamar yadda yake yi in ya zo gaishe ta. Sai ta kau da kai, don abin ya riga ya bi jikinta.

"Maraba da baƙuwa."

Wata mace ce ta taso daga tsakiyar kwarmin, doguwa, fatarta fara da tsaga-tsaga irin na busasshen tabki, ta rungumi fasasshen tulu. Ta miƙo kwanon dutse cike da ruwa garai-garai, sanyinsa har fuska. Ayashe ta durƙusa ta karɓa hannu biyu. Ta yi yadda baƙuwa mai kara ke yi in ba ta son ɓata wa masu gida rai: ta kai kwanon baki, ta rufe leɓe gam, ta sauke ta ajiye a gefe.

"Alhamdu lillahi. Na gode, uwar gida. Allah ya ƙara arziki."

Uwar Marmaro ta dube ta, ta dubi kwanon. "Ba ki sha ba, ba ki kuma ƙi ba. Ban taɓa ganin irinki ba. Me ke tafe da ke?"

"Na zo tafiya da wancan." Ta nuna da haɓa, ba ta duba ba.

"Kin zo neman wani?" Tulun ya kusa suɓuce mata. "Duk waɗannan da kike gani, ba wanda aka taɓa biyo sawunsa. Zauna, ya ke baƙuwa, ki ji. A da wurin nan ba ka jin maganar na kusa da kai don hayaniya. 'Yan mata na zuwa da tuluna suna gulma, sojoji na shayar da dawaki, amare a nan ake ɗebar musu ruwan wanka. Kowa ya zo sai ya kira sunana. Ran nan ƙasa ta girgiza, gada ta karye, mutane suka ɗaure kaya. Na ce za su dawo. Na jira har na manta sunan nawa, don ba mai faɗa. Shi ne na fara kiran matafiya da ƙarar ruwa, in cike guraben 'yan'uwana da suka faɗi. Na tara abokan zama, ban samu abokin hira ba. Dutse ba ya magana."

"Allah sarki," in ji Ayashe, kuma har zuciyarta ta faɗa.

Uwar Marmaro ta ci gaba: "Naki kuwa ban yaudare shi ba. Na gaya masa abin da ruwan ke yi. Ya ce, 'Sunana kowa ya kira shi a duniya, ban da wadda ta haife ni. Miƙo.' Ya shanye yana kallona."

Ayashe ta dafa ƙasa da hannu biyu.

"Ga sharaɗin wurin nan, ba ni na kafa shi ba," in ji Uwar Marmaro. "Dutse ba ya farkawa sai wanda ya zo dominsa ya kira shi da sunan da aka raɗa masa. Muryar da ta tashe shi kuma ba ta fita daga nan, tawa ce. Sunan shi ne kalmarki ta ƙarshe a duniya. In kina da magana ki yi ta yanzu, amma ki sani ba ya ji."

Ayashe ta tashi ta je gaban alkukin. Ta kwance takalman ta jera masa a gindin ƙafa. Ta fara da dabara, ko Allah zai sa a dace.

"Kai, yaro. Taso mu tafi."

Shiru.

"Ɗangoggo. Goggonka na can ba ta ci ba ta sha. Baduku, taso mana."

Shiru kake ji. Ta buɗe baki za ta faɗi sunan, harshen ya ƙi. Ba tsoron rasa murya ba ne, wannan ko a jikinta. Abin da mutum ya ɗaure tun yana amarya ba ya kwantuwa don an ce kwance. Ta tuna kakarta da ta ce mace mai kiran ɗan fari ba ta da ta ido, ta tuna yadda ake yabonta a gidan biki ana nuna ta ga yara mata. Ta ɗaga kai, karo na farko tun yana jariri, ta ƙare wa fuskarsa kallo. Ashe yana da tabo a gira, ba ta san ranar da ya ji ciwon ba.

Sai magana ta ɓalle mata. Ta gaya wa dutsen cewa ranar da Goggo ta goya shi ta fita, ita tana bayan rumbu ta cusa zane a baki. Ta ce akwai wata kafa a jikin zana da ta huda da tsinken mazari, ta nan take kallonsa yana wasan ƙasa, daga baya yana koyon ɗinkin fata. Ta ce tuwon da ake ajiye masa a ƙofar ɗaki, man shanun da ke ƙasan malmala ba kuskure ba ne. Rigar nan ta jikinsa ma ba Goggo ta saya ba, ita ta kaɗa zaren damina guda, ta ce kada a faɗa. Ta ce ta ɗauka ya sani, ta ɗauka irin wannan abu ba sai an faɗa ba. Ta yi ta magana har inuwar ginshiƙai ta miƙe, duk abin da ta tara a ciki ta zazzage shi. Dutsen bai ji ko ɗaya ba. Uwar Marmaro ce kaɗai ta ji, tana tsaye ruwa na bin tsagar kumatunta.

Da magana ta ƙare, Ayashe ta gyara ɗaurin zane. Ta yi bismilla a zuci, ta ja numfashi, ta ɗaga murya irin yadda uwa ke kiran ɗanta daga ƙofar gida in abinci ya sauka.

"Sha'aibu!"

Ginin ya amsa. Kawunan zakoki suka yi tari suka fesar da rairayi, sai ruwa ya ɓarke ta bakunansu, ya zubo bene bisa bene ya cika kwarmin yana tumbatsa. Farin dutsen ya dare daga goshin saurayin ya zube kamar ɓawon ƙwai.

"Na'am!" in ji shi, tun bai buɗe ido ba.

Ya sauko yana dube-dube. Da ya ga wadda ke tsaye, sai ya yi maza ya tsuguna ya dubi ƙasa.

"Yaya? Ke ce a nan? Wa ya kira ni?"

Ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Ta sake gwadawa, babu. Sha'aibu ya dubi Uwar Marmaro, ya dubi mutanen dutse, yana neman mai muryar. Sai ruwan da ke zuba ya faɗa, da muryarta sak, har da ɗan karkarwar da ta yi a ƙarshe: "Sha'aibu!"

Ya ɗago a hankali. Wannan karon ba ta kalli bango ba. Ta tura masa takalmansa da hannunta, ya sa, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Ku sha, wannan ruwan na gaskiya ne," in ji Uwar Marmaro. "Ku cika gora ku tafi. Ba zan ƙara kiran kowa ba, na samu abin saurare."

Sha'aibu ya nuna sauran alkukan. "Waɗannan fa, ranki ya daɗe?"

"Kowa da mai kiransa. In sun zo, ƙofa a buɗe take."

Suka fita suka bar ta zaune a bakin kwarmin, ta karkata kunne ga ruwa. A hanya suka iske makiyayin tuddai. Ayashe ta durƙusa ta motsa leɓe, ba abin da ya fito. Aljanin ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, "Gajiya ta bi lafiya. Ashe kin faɗa." Ya ɗora su bisa tsohon tudu har kusa da Agadas.

A Kazaure aka yi ta mamaki. Mata suka ce kunyar Ayashe ce ta yi yawa har ta haɗiye harshenta gaba ɗaya, waɗansu ma yabo suke yi. Ba ta da bakin gyara musu. Abin da ta faɗa wa dutse kuwa, na kafar zana da man shanu da riga, Sha'aibu bai taɓa jin sa ba har ya bar duniya. Kalma ɗaya ya samu. Amma daga ranar ya daina amsa Ɗangoggo, ya kuma kwaso fatunsa da basillarsa ya dawo ƙofar ɗakinta da aiki. Tana kaɗi yana ɗinki, su wuni ba wanda ya ce uffan. Tuwo kuwa a hannu take miƙa masa.

Fatake suka riƙa kawo labarin cewa Marmaron Rumawa ya dawo da ruwa, ana sha a wuce lafiya, sai dai ruwan na kiran wani suna da muryar mace, ba dare ba rana. Bayan Allah ya karɓi ran Ayashe, duk ayarin da ya sauka daga arewa, Sha'aibu ne farkon zuwa zango. Ya tsufa, gemu ya yi fari, bai fasa ba. Ba ya sayen komai. Yakan nemi madugu ne ya gaishe shi, sannan ya tambaya:

"Kun biya ta marmaro?"

"Mun biya, Baba."

"Har yanzu tana kira?"

"Tana nan tana kira."

Sai tsohon ya juya fuskarsa arewa, ya ɗan rusuna, ya ce, "Na'am, Inna."